Gamo da Abin Sama: Ciwon Jiki da Firgicin Zuciya

A ƙasar Gobir, tun daga Kurawa da Sabon Birni har zuwa Isa, inda mutane suke kwana a tsakar gida da bazara, idan wani baƙon haske ya keta sararin samaniya, aka kuma wayi gari wani yana makyarkyatar zazzaɓi, ba a doguwar shawara sai a ce gamo ya yi. To, Nasara ma suna da nasu gamon, illa dai su ba aljannu suke tuhuma ba, wasu jirage ne da ba a san asalinsu ba, waɗanda suka yi wa laƙabi da UFO.

Ɗaya daga cikin shahararrun ƙissoshinsu ita ce ta daren 29 ga Disamba 1980 a jihar Texas ta Amurka, lokacin da Betty Cash da Vickie Landrum da wani ƙaramin jikan Vickie suka ce wani abu mai aman wuta ya tsare musu hanya. Betty, wadda ta fi daɗewa a wajen mota tana kallo, ta kwana da amai da gudawa, fatarta ta yi bororo, gashinta ya zube, har aka kwantar da ita asibiti. Sun kai gwamnati ƙara suna neman diyyar dala miliyan 20, kotu ta kori ƙarar a 1986 saboda babu hujjar cewa abin na gwamnati ne. Ciwon dai zahiri ne, sababinsa ne ya gagari tahƙiƙi.

Amma inda aka yi bincike da wuri, sau da yawa gaibun yakan koma sarari. A 2007 dutse ya faɗo daga sama a Carancas ta ƙasar Peru, waɗanda suka ruga bakin ramin suka kamu da ciwon kai da amai, masana suka danganta abin da tururin ruwan ƙasa mai guba. Mu ma nan gida, ranar 3 ga Oktoba 1962, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina, aka tabbatar daga baya cewa ɓallin duniyar Mirrihi ne.

Raunin zuciya kuwa shi ya fi buƙatar lura, domin firgici kaɗai yana haifar da faɗuwar gaba da rashin barci da munanan mafarkai, balle ga jama'ar da ta riga ta gaji da ƙarar bindiga da rugugin jiragen yaƙi. Yi wa mai irin wannan hali dariya zalunci ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, in wani abu ya faɗo a gona, kada a taɓa, kada a bar yara su matsa kusa. A sanar da mai gari. Wanda jikinsa ko hankalinsa ya taɓu, a yi masa addu'a, a kuma kai shi babban asibitin Sabon Birni ko na Isa tun da wuri.