Magariya da Dungas, Madafar Gidan Damagaram

A gidan Bahaushe baƙo namiji a zaure yake tsayawa. Nan ake shimfiɗa masa tabarma, nan yake kallon zanen bango, nan kuma akushi ke iske shi. In ya koma garinsu labarin zaure zai bayar. Madafa kuwa ba zai ambace ta ba, don bai gan ta ba, ko da yake tuwon da ya yaba daga can ya fito, daga hannun wadda hayaƙi ya cika wa ido tun hantsi.

Haka jihar Damagaram take a wurin baƙi. Zinder ce zaure. Duk wanda ya zo, fadar Sarkin Damagaram za a kai shi, a zaga da shi lungunan Birni da Zango, a tuna masa cewa nan ne mazaunin mulkin Nijar kafin Faransawa su mai da shi Yamai a 1926. Duk wannan ya cancanci gani. Amma mai son sanin abin da ke riƙe da gidan sai ya kama hanyar kudu, tafiyar da ba ta cika kilomita 100 ba, ya shiga gundumar Magariya da ƙanwarta Dungas, wadda aka cire daga jikinta a 2011.

Tun kafin ka isa Bande za ka ga ƙasa ta sake. Duwatsun Zinder sun tsaya a baya, sai jigawa mai laushi da fadamu a tsakaninta. Ruwan sama a nan ya fi na arewacin jihar nesa ba kusa ba: a shekara mai albarka yakan kai milimita 600, alhali manomin Tanut in ya sami rabin haka godiya yake yi. Kwarin Korama ya ratsa yankin, kuma ko a inda ruwa ya daina gudana a sama, yana nan kusa a ƙarƙashi, rijiya ba ta nisa. Shi ya sa rake ya sami wurin zama a Bande da Waca, ga rogo da dankali da kayan lambu da rani, ga giginya da goruba a bakin fadama. A tudu kuwa gero ne da dawa da wake da riɗi da gyaɗa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 570,000 a Magariya, sama da 350,000 a Dungas. Wurare kaɗan ne a karkarar Nijar suka kai nan cunkoso; kana fita daga wani ƙauye kana hango rumbunan na gaba.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kalla a ƙasar nan, a ganina, itacen gawo ne. Mu da muka tashi a gindinsa mun saba da shi har ba ma ganinsa, amma masana daga ƙasashe masu nisa shi suke zuwa dubawa. Gawo yana yin akasin sauran itatuwa. Da damina, lokacin da gero ke son rana, sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, sai ya yi kore shar, ya ba dabba inuwa, ya zubo mata ƴaƴansa ta ci, ita kuma ta bar kashinta a gindinsa. Je ka gona da kaka ka duba zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo da wadda ke fili, ba sai malamin gona ya yi maka bayani ba.

Kakanninmu sun san haka. Tarihi ya riƙe cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Daga baya, da faɗaɗa gonaki da farin shekarun 1970 da 1980, filaye da yawa suka koma ƙeƙasassu. Manoma da kansu suka dawo da itacen. Ba dashe suka yi ba. Tsiron da ya fito da kansa a gona suka daina sarewa lokacin sassabe, suna rage masa rassa, suna kare shi daga awaki har ya miƙe. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa a Magariya da Matamai da Mirya wannan aiki ya rufe wajen hekta miliyan 1. Babu wata hukuma da ta taɓa dasa kwatankwacin haka a ƙasar nan, kuma talaka ne ya yi shi da gatarinsa, ba a biya shi ko dala ba.

Tarihin yankin ya fi kallon kudu. Sarautar Magariya reshe ce ta gidan Daura, daga cikin ƴaƴan sarakunan da jihadin farkon ƙarni na 19 ya tarwatsa, kamar yadda wasu suka zauna a Zango da Baure. Dungas da Waca kuwa, tare da Mirya, su ne tsoffin ƙasashen Sosebaki, waɗanda Damagaram ta rinjaya daga baya. Tsakanin 1906 da 1908 Faransawa da Ingilishi suka kakkafa alamun iyaka, dangi suka wayi gari a ƙasashe biyu. Wani Ba'amurke, William Miles, wanda ya yi koyarwa a Magariya yana saurayi, ya dawo ya zauna a Yekuwa ta wannan ɓangare da Ƴardaji ta ƙasar Daura, ya rubuta littafi a 1994 a kan yadda layin nan ya raba ƙauyuka biyu masu harshe ɗaya da addini ɗaya. Har gobe aure na ƙetare layin, naira na yawo a kasuwanninmu tare da sefa, mota na bi ta Tinkim zuwa Ɓaɓura, ranar Alhamis kuma shanu da raƙuma da tumakin wannan gefe na cika karar Maigatari. Saboda haka duk ranar da aka rufe iyaka, kamar a 2019 da 2023, a tukunyar mutumin Dungas ake fara ji.

Sai gyaɗa. Tsofaffi suna tuna zamanin da Magariya ke cikin manyan wuraren awonta, lokacin da gyaɗa ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin kayan da take fitarwa waje. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, aka kuma gina masana'antar tatsar mai a garin Magariya. Farin 1973 ya karya noman, cutar da ke murƙushe ganye ta ƙarasa shi a 1975, hankalin gwamnati ya koma kan yuraniyom na arewa, injinan suka yi shiru. Sana'ar ba ta mutu ba, hannun mata ta koma. Su ke suya, su kai niƙa, su matse tunkuza, su fitar da mai da ƙuli-ƙuli, da kuɗin kuma ake kayan ɗakin ƴaƴa mata da yawa.

Mu leƙa wata ƙasar gyaɗa: a kudancin ƙasar Amurka akwai jiha mai suna Jojiya, wadda ke noma kusan rabin gyaɗar ƙasar. Baƙi sun fi sanin Atlanta, babban birninta, da Sabana ta bakin teku. Amma a kudancin jihar akwai wani ɗan gari, Plains, wanda mutanensa ba su kai dubu ba, mahaifar Jimmy Carter, manomin gyaɗar da ya shugabanci Amurka daga 1977 zuwa 1981. An mai da gonar da ya tashi a cikinta wurin ziyara, mutanen garin suna bikin gyaɗa duk shekara, baƙi na zuwa daga nesa su ga yadda ake tuge ta. Su can ba su ji kunyar shigar da baƙo madafa ba. Mu kuwa in baƙo ya zo Magariya sai ka ji ana ce masa, “Ai nan ba abin gani, sai ka je Zinder.”

Akwai abin gani. Ka zo bayan kaka, lokacin da dammunan gero suka taru, kalangu na tashi, samarin ƙauyuka na kokawa a dandali da hasken wata. Ka zo da sanyi ka ga amalanken shanu na fitowa daga fadamar Bande shaƙe da rake. Ka zo da salla ka ga hawan sarakunan Magariya da Dungas. Ka sha furar da aka dama da nonon da Bafulatana ta kawo da safen nan.

Sai dai wanda ya shiga madafa zai ga abin da ba a gani daga zaure: sau da yawa mai girkin ce ke kwana da yunwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta. Manomi na sayar da hatsi da araha da kaka don biyan bashi, ya dawo ya saye shi da tsada da bazara. Damina na zuwa da zazzaɓin sauro daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da yara masu tamowa a Magariya, kuma a watan Satumba na 2018 ta sanar cewa kusan yara 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin. Wannan a yankin da ya fi ko'ina ruwa a jihar. Abin yana ci mini rai, don ƙasar ba ta gaza ba, mutanenta ma ba su gaza ba.

Ga hukumomin jiha da ƴaƴan yankin da Allah ya ɗaukaka a Yamai da Kano: a gyara hanyoyin da ke fitar da rake da riɗi daga Dungas da Waca, a samar wa ƙungiyoyin mata injinan matsar mai, a ƙarfafa rumbunan tsimi a ƙauyuka don manomi ya daina sayar da geronsa tun yana ɗanye. Malaman makaranta kuma su riƙa kai yara gonakin gawo, su gaya musu cewa iyayensu ne suka raya su.