Wa Ke Mayar da Agogon Kawu Baya?

Tun da aka cire wa kwamfutar kawuna birus a Dogondutsi, gidan bai ƙara jin daɗinta ba. Kilen USB da yake ajiye makin ɗalibai da tambayoyin jarrabawa na shekara da shekaru ya dawo wayam. Duk lokacin da aka kunna ta, sai wani ɗan akwati ya fito tsakiyar allo da Faransanci, wai an nemi wani fayil an rasa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne agogonta: ya koma 1 ga Janairu 2012, intanet kuma ta ƙi buɗe komai. In an gyara shi da yamma, kafin gari ya waye ya sake komawa.

Kawu malamin lissafi ne a wata kwaleji a Tibiri, ta nan Arewa, ba Tibirin Gobir ta kusa da Maradi ba. Shi da kansa ya rungumi kwamfutar, ƴar tafi-da-gidanka ce ta hannu, ya biyo ta Kore Mai Ruwa ya kai ta wurin wani saurayi mai gyara a Dutsi. Don haka hukunci bai yi masa wuya ba. "Ɗana," in ji shi, "da birus ɗin a ciki ai tana aiki. Yaron nan ya taɓa ta, komai ya lalace." Abokan aikinsa kuwa bakinsu ɗaya: a yi wa kwamfuta da kile fomat, a huta. Na roƙe shi ya dakata, domin fomat ba ya tambayar wane ne mai laifi, kowa yake sharewa.

Da kile muka fara, tunda nan ne zuciyarsa take. Na sa shi, na buɗe, babu ko fayil ɗaya. Amma da na duba bayanin girmansa, sai ga abin da bai dace da kile marar komai ba: giga 8 ne, kuma fiye da rabi a cike yake. Na juya masa allon. "Kawu, kai ne malamin lissafi. Wurin da babu komai, me ya cinye rabinsa?" Ya gyara tabarau, ya yi shiru, sannan ya ce, "To suna nan ke nan."

Suna nan. Irin wannan birus da ke yawo a kile ba ya goge kaya, ɓoye su yake yi. Kowane fayil a Windows yana da ƴan alamomi da ke manne da shi, akwai ta "ɓoyayye", akwai ta "kayan cikin na'ura ne, kada a nuna". Birus ɗin sai ya manna wa takardunka duka biyun, sannan ya ajiye gajerar hanya a gurbin kowace, mai suna iri ɗaya da kama iri ɗaya, in ban da ƴar kibiya a kusurwa da ido ba ya kula da ita. Ka latsa, sai birus ya fara tashi, daga baya ya buɗe maka takardarka kamar babu abin da ya faru. Dabarar tana da dalili. A da, kile yana iya tayar da shiri da kansa da zarar an sa shi, hanyar da wani birus mai suna Conficker ya bi ya addabi duniya daga 2008. Microsoft ta toshe wannan ƙofa a Windows 7, ta kuma toshe ta a XP da Vista a Fabrairun 2011. Da masu rubuta birus suka rasa ta, sai suka koma yaudarar yatsan mai kwamfuta.

Ashe maganar kawu gaskiya ce ta wani ɓangare. Da birus ɗin a ciki yana ganin takardunsa, domin birus ɗin ne ke miƙo masa su. Antibirus ya zo ya kwashe gajerun hanyoyin nan na bogi, aikinsa ke nan, amma bai cire alamomin ɓoyewar ba. Na buɗe baƙin allon umarni na rubuta layi ɗaya, attrib -h -r -s /s /d E:\*.*, E ɗin shi ne harafin kilen. Ma'anarsa a cire alamomin daga kowane fayil da kowane dosiye. Kafin ruwan shayi ya tafasa, sunayen azuzuwa suka jeru a allo. Kawu bai ce komai ba sai da ya buɗe makin ƴan ajin ƙarshe ya ga lambobin daidai, sannan ya yi hamdala. Nan take muka kwafe komai zuwa wani wuri dabam.

Ɗan akwatin nan da ke fitowa bai ba da wahala ba, sai dai babu wanda ya taɓa karanta shi har ƙarshe, kowa latsawa yake ya wuce. A samansa an rubuta Windows Script Host, a cikinsa kuma adireshin wani fayil mai ƙarewa da .vbs, can cikin dosiyen da Windows ke zuba tarkacen wucin gadi. Kamar malami ne mai kiran suna kowace safiya: an kori yaro daga makaranta, ba a soke shi a rajista ba, don haka kullum sai an kira shi a ce ba ya nan. Birus ɗin ya rubuta sunansa a jerin shirye-shiryen da ke tashi tare da kwamfuta. An cire shi, sunan ya saura. Saƙon da ke tsorata gidan shaida ce cewa yaron Dutsi ya yi aikinsa. Akwai wani ƙaramin shiri na kyauta, Autoruns, na Mark Russinovich, wanda ke baje wannan jeri duka, yana kuma shafa ruwan ɗorawa a kan duk layin da fayil ɗinsa ya ɓace. Layi biyu muka samu masu wannan suna, muka soke.

Wannan dangin birus tsoho ne, kuma ba a Arewa aka haife shi ba. A Satumbar 2013 kamfanin FireEye ya yi bayanin wani da ake kira H-worm, wanda mai laƙabin Houdini ya rubuta, suka kuma ce alamu na nuna daga Aljeriya yake. A ƙarshen Yunin 2014 Microsoft, wadda ke kiransa Jenxcus, ta samo izinin kotu a Amurka ta karɓe adireshi sama da 20 na kamfanin No-IP, waɗanda masu birus ɗin ke bi suna ba shi umarni. Shekaru sun wuce, amma inda takarda ba ta zuwa wurin bugawa sai a kile, jikokinsa ba su rasa abin hawa ba.

Saura agogo, kuma a nan kawu ya kafe. A ganinsa wani ɓurɓushin birus ne ke tashi da dare yana mayar da lokaci baya. Dalilin da ya sa intanet ke ƙi a bayyane yake. Shafuka irin su Google da Facebook suna nuna wa kwamfuta takardar shaida mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ta yarda cewa 2012 ake ciki, in aka nuna mata shaidar da aka bayar bana, sai ta ce wannan ba ta fara aiki ba tukuna, ta rufe ƙofa. Tambayar ita ce wa ke taɓa agogon.

Na saita shi, na kashe kwamfutar, na kunna. Yana nan daidai. Na sake, bai motsa ba. Har bayan isha'i ƴar kawu tana duba darussanta a intanet lafiya lau. Da safe, 1 ga Janairu 2012.

Ranar kanta ta fara ba ni alama. Birus da ke son ɓarna ba shi da dalilin zaɓar rana ɗaya tak kullum, kuma farkon shekara, ƙarfe goma sha biyun dare. Wannan ya fi kama da inda agogo ke fara ƙirga in ya manta komai. Akwai hanyar rarrabewa. Birus irin wannan ba ya iya motsi sai Windows ta tashi. Don haka washegari, kafin Windows ta buɗe, na danna F2 na shiga BIOS, wato shirin da ke cikin allon na'urar tun daga masana'anta. Can ma 2012 ne. Duk abin da ke faruwa, yana faruwa ne kwamfutar tana kashe.

Sai na tambayi ƴar me take yi in ta gama da dare. "Yaya, ina zare wayar wuta ne in naɗe, Baba ya ce kada a bar ta a jone saboda yadda wuta ke ɗaukewa tana dawowa." Na saita agogo, na kashe, na zare waya, muka ɗan jira, na mayar. 2012. Da rana tsaka, gaban kowa, ba dare ba aljani.

Na kife kwamfutar, sai ga ramin batir fayau. Kawu ya ce ai yaron ne ya cire, wai ya kumbura har yana ɗaga murfi, kuma barinsa haɗari ne. Gaskiyar yaron. Batirin litiyom da ya sha zafin bazarar Arewa, inda Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, in ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Abin da bai sani ba shi ne akwai wani batirin da ya riga wannan mutuwa. A cikin kwamfuta akwai ɗan ƙaramin batir mai faɗin milimita 20, CR2032, mai bolt 3, aikinsa kawai ya riƙe agogo idan babu wata wuta. Da muka kwance murfin ƙasa muka same shi naɗe cikin baƙar roba da ƴan wayoyi biyu, ja da baƙa. A mita ko bolt ɗaya bai kai ba. Mai yiwuwa ya daɗe da mutuwa, babban batirin ne ke rufa masa asiri. Ranar da aka cire birus ita ce ranar da aka cire babban, shi ya sa laifin ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Wurin yaron nan dai aka koma. Ya samo irin batirin mai wayoyi, ya jona, bai karɓi ko dala ba, kawu kuma ya ba shi haƙuri a gaban mutanen shagon. Tun daga nan agogon bai sake ɓata ba.

Kafin in bar Tibiri na nemi a kawo duk kilen da ke gidan. Na ƴar, wanda take kaiwa wurin buga takardu, cike yake da gajerun hanyoyi masu kibiya, birus ɗin na zaune da ransa, latsawa ɗaya ta isa a koma gidan jiya. Muka wanke shi. Yanzu ta WhatsApp suke aika wa mai bugawa takarda. Na kuma sa kawu ya canza kalmomin sirrinsa daga waya, domin wannan dangin birus yana ba wani na nesa damar aiko da umarni da kwasar fayil. Abin da ban iya gyarawa ba shi ne Windows 7 ɗin kanta, wadda aka daina aiko wa gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Kawu ya ce a bari ya gama saka makin wannan zango tukuna.