Rigakafin Sanƙarau: Allura Ma Suna Ta Tara

Da zarar zafi ya kankama aka fara shelar rigakafin sanƙarau, za ka ji wani a majalisa yana cewa, "Ai an yi mana tun tuni. Allura ba allura ba ce?" Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin tsohuwar allura da ta yanzu ba aiki ɗaya suke yi a jiki ba.

Tsohuwar, sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar cutar kawai ake tatsowa. Ƙwayoyin jini masu suna B su gan shi, su ƙera makamin farko, IgM, bayan 'yan shekaru su manta. Yaron da bai kai shekara 2 ba kuwa, da ƙyar jikinsa ke amsawa.

MenAfriVac, wadda aka fara a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010, ta zo da dabara: aka ɗaure sukarin a jikin furotin. Furotin ɗin ne ke jawo ƙwayoyin T, su dafa ƙwayar B, su aika mata da saƙonni masu suna saitokin.

Saitokin baƙo ne mai ladabi, ba ya wuce zaure. Yana sallama a bakin ƙwayar, masu tsaron ƙofa da ake kira JAK su tashi 'yan aike, STAT, su kai saƙon can ƙuryar ɗaki inda ƙwayoyin gado suke. Saitokin IL-21 ya ce a hayayyafa. IL-4 ya ce a canza makami. Daga nan sinadarin AID ke soma aikin yanke wani yanki na ƙwayar gadon, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa.

Canjin kamar na maƙeri ne: ruwan gatarin yana nan, ƙota aka sauya. Makamin bai daina gane maƙiyinsa ba, sai dai yanzu ya zama IgG, mai daɗewa a jini, mai ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi. Wasu ƙwayoyin B kuma su koma gefe suna riƙe da kamannin cutar.

A 2024 Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da Men5CV, mai tare nau'i 5 na ƙwayar sanƙarau. Kular allura da lasifika sun iso unguwa, bayani ne ya makara. Wanda ba a gaya wa bambancin ba, da wane dalili zai sake miƙa hannu?