Aikin Kwamfuta Ba Guda Ba Ne: Hanyoyin Da Ke Gaban Yaran Bagudo

Idan yaro ya gama sakandare a Bagudo ko Ka'oje ya ce zai karanta kwamfuta, tambayar mahaifi ba ta canzawa: "To, in ka gama wane aiki za ka yi?" Sai yaro ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai aikin kwamfuta." Ni malamin makaranta ne, kuma wannan amsa tana damuna, domin daidai take da mutum ya ce zai yi aikin asibiti ba tare da ya faɗi ko likita zai zama, ko ungozoma, ko mai gwajin jini ba.

Aikin da idonmu ya fi gani shi ne na bakin kasuwa: mai gyaran waya, mai POS, mai shagon buga takardu da cike fom. Kusan duk dokokin gwamnati ne suka haifar da su. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A Disamban 2020 aka umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, muka ga dattawa daga ƙauyuka suna sammakon bin layi. Sai canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da mai na'urar Moniepoint ko OPay ya zama bankin gari. Ban raina waɗannan sana'o'i ba, sun aurar da samari da yawa. Sai dai kowa na iya buɗe su, shi ya sa riba ke raguwa kullum. Yaro ya fara da su, amma kada ya yada zango a nan.

Aikin da na fi kwaɗaitar da ɗalibaina shi ne wanda ba a cika yi masa kirari ba, wato haɗa hanyoyin sadarwa da kula da su. Duk ƙarfen sabis da ka gani a bakin hanya akwai mai duba batiransa da janareta da na'urorin da ke cikinsa. Cibiyar jarrabawa mai kwamfutoci birjik, wani ne ya ja wayoyinta ya haɗa su da babbar na'ura, kuma ranar da abu ya tsaya shi ake kira hankali a tashe. A wajenmu mai wannan aiki dole ya san sola, don wuta ba abin dogaro ba ce. Wanda bai iya lissafin yawan faifai da batiran da ofis ke buƙata ba, rabin ma'aikaci ne. Tun da Starlink ya shigo Najeriya a 2023, ana iya kai intanet garin da sabis ba ya kaiwa, amma sai da mai kafawa da rarrabawa. Takardar shaidar CCNA ta kamfanin Cisco ita masu ɗaukar aiki suka sani a wannan fanni. Abin takaici, sau da yawa daga Birnin Kebbi ko Sakkwato ake ɗauko mai gyara, a biya shi kuɗin mota da na kwana.

Rubuta manhaja shi ne burin kowa, saboda labarin masu zama a ɗaki ana biyansu da dala. Akwai su, amma ba a wata uku suka kai nan ba. Ana buƙatar Turanci mai kyau, da kan lissafi, da haƙurin koyon yaren kwamfuta irin su Python ko JavaScript, ga kuɗin data.

Akwai kuma aikin tattara bayanai da nazarinsu, wanda ya fi kusa da rayuwarmu. A Nuwamban 2015 a nan Jihar Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na bai wa manoman shinkafa rance. Sai da aka rubuta sunan manomi, da lambarsa ta BVN, da girman gonarsa. Wani ne ya shigar da wannan, wani ya tace, wani ya fitar da rahoto. Haka lamarin yake a rigakafi da rabon taki. Da Excel ake farawa, a wuce zuwa SQL. Na fi ganin dacewarsa ga 'yan mata, domin mace na iya yin sa ko bayan aure. Gefensa akwai tsaron bayanai, wanda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara wa daraja. Wanda aka taɓa kira a waya aka yaudare shi ya faɗi lambar sirrin katinsa ya san amfanin masu wannan aiki.

Yanzu ga abin da yaronmu ya fi na Kano ko Kaduna. Daga Tsamiya ka miƙa sai Segbana, daga Lolo kuma hanyar Malanbil ce, duka a ƙasar Benin. Muna ciniki da naira da sefa, wasu na yawo da layin Najeriya da na Moov ko MTN na Benin a waya guda, yaranmu da dama na jin Dandanci ko Fulatanci ban da Hausa. Abin da ya rage shi ne Faransanci na karatu da rubutu. Takardun kaya a ƙetare da shi ake cike su, kuma hukumar kwastan ta Najeriya ta fara aiki da sabuwar manhajarta B'Odogwu a 2024. Matashin da ya iya shigar da bayanan kaya a kwamfuta da Turanci da Faransanci, ɗan kasuwa ne zai neme shi har gida. Mun dai ga yadda aka yi a Agustan 2019 da aka rufe iyaka, sannan aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga bakinta: samarin da suka dogara da dakon kaya a babur suka wayi gari ba aikin yi.

Wurin koyo bai yi nisa ba. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dakingari, da ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da jami'ar jiha a Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 kyauta yake horarwa, ta intanet ake nema. Abin da zan ja kunne a kai shi ne "difloma" ta 'yan watanni a shagon lungu, inda ake koyar da buga wasiƙa kawai a ba yaro takarda mai ado.

Iyaye, kafin ku sayar da buhunan shinkafa ku biya kuɗin makaranta, ku zaunar da yaron ya faɗa muku sunan aikin da yake so, da wanda zai ɗauke shi idan ya gama. In ya kasa, ku tura shi ya yi wata guda wajen mai gyaran waya ko mai haɗa sola, sannan ku sake tambayarsa.