Injin Yanka Itace: Mai Noti Ko Mai Murɗawa Da Hannu?

Yau maganar injin yanka itace za mu yi, wato zarton nan mai inji da sarƙa. Wani ƙanena ne ya tsare ni da tambaya. Ya tara ɗan kuɗinsa zai sayi inji ya riƙa yi wa mutane sassaben bishiya, sai ya ga iri biyu a kasuwa. Ɗaya sai da sifana ake ɗaure sarƙarsa, ɗayan kuma da hannu kawai ake murɗawa. Ya ce, "Yaya, wanne zan ɗauka?" Na ce masa bari in amsa a shiri, don na san ba kai kaɗai ba ne.

Da farko, me ya sa ma ake ɗaure sarƙar? Sarƙar nan tana zagaya dogon allon ƙarfe ne da gudun da ya kai wajen mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Tana aiki tana zafi, ƙarfe kuwa in ya yi zafi miƙewa yake yi. Ga kuma gaɓoɓinta suna cinyewa a hankali. Shi ya sa za ka ga ta saki tana lilo a ƙasan allon, musamman sabuwa. In ta yi sako-sako za ta iya tsalle ta fita, ta doki hannu ko ƙafa. In kuma ka matse ta da yawa, za ta cinye allon, ta wahalar da injin. To ka ga ɗaure sarƙa ba aikin sau ɗaya a wata ba ne, a wuni ɗaya ma sai ka duba ta sau da yawa.

A tsohon tsari, noti ne ke riƙe allon, galibi guda biyu. Ka sassauta su da sifana, ka juya wani ɗan sukuru da ke tura allon gaba, sannan ka sake ɗaure notin tamau. A sabon tsari kuwa, an cire notin an sa wani murfi mai kunne. Ka ɗaga kunnen ka sassauta, ka murza ɗan gare da babban yatsa, ka mayar ka ɗaure. Shi ke nan, ko minti ɗaya ba a yi ba. Kamfanin Stihl na Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926, yana sa harafin B a sunan injinansa masu wannan tsari, kamar MS 180 C-BE. Husqvarna ta Suwidin da Makita ta Japan su ma suna da nasu, kuma da yawa daga cikin ƙananan injina masu batir da haka suke zuwa.

To ina ra'ayi ya rabu?

Masu son sabon tsarin suna da hujja mai ƙarfi. Mutum in ya san sai ya koma neman sifana a jaka, sai ya ce bari in ƙarasa wannan reshen tukuna. A nan ake samun matsala. Amma in murɗawa ce kawai, ba ka da uzurin barin sarƙa tana lilo. Sannan babu notin da zai faɗi cikin ciyawa ka wuni kana lalube.

Masu sana'ar kuwa, yawancinsu ba su yarda da shi ba. Suna cewa ƙarfin yatsa ba zai taɓa kai na sifana ba, kuma noti biyu sun fi murfi ɗaya riƙe allo, balle in allon dogo ne. Ga garin katako da mai suna cushewa cikin garen har ya ƙi juyawa. Ga sassan roba da ke karyewa. Ku lura da manyan injinan da masu katako ke aiki da su a dazukan Najeriya da Ghana, irin su Stihl 070, duk masu noti ne. Abin da kamfanoni suka yi wa ƙwararru shi ne noti mai maƙalewa a jikin murfi, wanda ko ka kwance ba ya faɗuwa.

Ni ma na ga nawa. Na taɓa aron ƙaramin inji mai murɗawa don rage rassan darbejiya a gidanmu. Ranar farko daɗi kamar me. Ban share shi ba na ajiye. Bayan kwana biyu na ɗauko, gari da mai sun daskare a ciki, na murɗa murfin na ji ya yi tauri, na ɗauka ya ɗauru. Ashe datti ne ya tokare shi. Ina cikin yanka sarƙar ta fita, ta daki wandona ta yaga. Da ta ƙara matsowa kaɗan, da labarin ya sha bamban. Laifin ba na injin kaɗai ba ne, nawa ya fi yawa, amma na koyi cewa wannan tsarin ba ya yafe ƙazanta.

Don haka ga abin da na gaya wa ƙanena. In gyaran mangwaro a gida ko gona za ka yi, sau ɗaya ko biyu a wata, mai murɗawa ya ishe ka. Amma in da shi za ka ci abinci, kullum kana kan itace mai tauri, ɗauki mai noti. Ka tambayi kanka: in murfin nan ya karye a ƙauye, wa zai ba ni irinsa? Noti kuwa, da wuya ka rasa a wajen bakanike.

Ko wanne ka saya, ƙa'idar ɗaya ce. Kashe inji, in mai batir ne cire batirin. Sa safar hannu. Ɗaga bakin allon sama yayin da kake ɗaurewa. Sarƙa mai sanyi ta kwanta a jikin allon ta ƙasa ba lilo, amma ta ja da hannu ba gardama. In ka ƙara mata ɗauri tana da zafi, ka sassauta ta bayan ka tashi aiki, don in ta huce za ta tsuke ta yi wa injin lahani. Kuma kullum ka buɗe murfin ka share.

Gyaran inji kuɗi ne, amma ƙafa ba ta da sifiya.