Zafi da Haske a Kejin Damo da Danginsa

Bahaushe ya san ƙadangare a kan katanga, ya san damo a dawa, amma bai saba jin an ajiye su a ɗaki don sha'awa ba. A Turai da Amurka kuwa kiwonsu ya zama ruwan dare, har ma daga Gana da Togo da Binin ake kai musu 'ya'yan damo. Da yawa daga cikin waɗannan ba su daɗewa a can, kuma sau da yawa ba yunwa ke kashe su ba, rashin sanin yadda za a ba su zafi da haske ne.

Dalili kuwa shi ne, jikin waɗannan halittu ba ya samar da ɗumin kansa kamar namu. Duk wanda ya lura da ƙadangare da hantsi ya ga yadda yake shan rana, in ta yi masa yawa ya koma inuwa. Da wannan kai da kawowa yake daidaita zafin jikinsa, har abinci ya narke masa. Saboda haka ba a ɗumama keji gaba ɗaya. Gefe guda ake rataya fitilar zafi, daga sama, a bar ɗaya gefen da sanyi-sanyi da wurin ɓuya. Ga ƙadangaren Ostireliya mai gemu, wanda Turawa suka fi kiwo, akan so wurin shan ɗumi ya kai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas, gefen inuwa kuwa wajen 25. Damo yana son abin da ya fi haka zafi.

A nan ne haɗari yake. Akwai wani dutsen roba mai waya a ciki da ake sayarwa don dabbar ta kwanta a kai. Wannan abin gudu ne, domin dabbar takan ci gaba da kwanciya a kai har fatar cikinta ta ƙone ba ta motsa ba. Haka nan ƙwan da ba a kewaye shi da ragar waya ba, in ta hau ta taɓa shi. Wajibi ne kuma a haɗa kowane abin ɗumi da na'urar da ke rage wuta ko yanke ta idan zafi ya wuce ƙima, a sa ma'aunin zafi biyu, ɗaya a kowane gefe. Mazaunin ƙwai ya zama na tangaran, don na roba yakan narke, gobara ta tashi. Da dare a kashe haske duka. In sanyi ya yi yawa, akwai abin ɗumi na tangaran da ba ya haske. Jan ƙwai kuwa hana dabbar barci yake yi.

Zafi dabam, haske dabam, kuma nan ne masu kiwo suka fi yin kuskure. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UVB. Da shi fatar dabbar take haɗa bitamin D3, wanda in babu shi jiki ba ya iya ɗaukar sinadarin kalsiyam daga abinci. Sai ƙashi ya yi taushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su karkace. An ce damo sarkin haƙuri, to haƙurin nan ne ke ɓoye ciwon, sai ya yi nisa mai shi ya farga. Ƙwan ɗaki ba ya ba da wannan haske, sai fitilar da aka ƙera musamman. A sa ta kusa da ta zafi, kimanin santimita 30 ko fiye daga bayan dabbar, gwargwadon ƙarfinta, ta yi awa 12 a kunne. Tana da yaudara guda: ƙarfinta na raguwa alhali tana nan tana haske, don haka akan sauya ta bayan wata 6 zuwa 12. A 2010 wani masani Ba'amurke, Gary Ferguson, da abokan aikinsa suka kasa irin waɗannan dabbobi gida huɗu bisa yawan ranar da kowace ke sha a daji, kuma da wannan rabo ake zaɓen ƙarfin fitila.

A ganina, wanda ke ƙasarmu bai kamata ya kwaikwayi Bature ido rufe ba. Shi rana ya rasa, mu kuwa wutar lantarki ce ba ta da tabbas. Kejin raga a tsakar gida, rabinsa a inuwa, da ƙasa mai zurfi da damo zai haƙa rami, ya fi kowace fitila. Sai dai kada a kuskura a ajiye akwatin gilashi a rana. Gilashi yana tare UVB, yana kuma tara zafi, cikin ɗan lokaci sai dabbar ta mutu. Da hunturu kuma, lokacin da sanyin asuba a Kano ko Jos kan sauka ƙasa da digiri 15, a rufe kejin da buhu ko a shigar da shi ɗaki har rana ta fito.