Yaushe Buga Gem Ke Zama Matsala Ga Matasa?

Duk wanda ya bi ta Samaru ko Sabon Gari da yamma zai ga yara a gidajen gem suna jiran layin PlayStation, wasu kuma sun duƙufa kan waya suna buga Free Fire. To, duk mai yawan buga gem ne ke da matsala? A'a.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. Sai dai ba yawan awanni ne ma'auni ba. Alamomi uku ake dubawa:

1. Yaro ya kasa dainawa idan ya fara.
2. Ya fifita gem a kan karatu, barci da sauran harkokinsa.
3. Ya ci gaba duk da yana ganin illar, kamar faɗuwa jarrabawa.

Galibi sai hakan ya ɗauki wata 12 kafin likita ya tabbatar.

Tun kafin a kai nan, iyaye za su iya amfani da manhajar Family Link a wayar Android su ƙayyade lokaci, su kulle wayar da dare. A iPhone akwai Screen Time. Idan abin ya gagara, a ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika.